Wasiyya da Sassan Jiki Bayan Rasuwa: Amsa ga Wani Malami Daga Daura

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin makarantar sakandare ne a Daura. Bara yayana ya rasu, bayan mun shafe wata goma sha ɗaya muna kai shi Katsina wankin ƙoda, har sai da gonarmu ta gado ta tafi. Mu uku aka auna domin a ba shi ƙoda. Ni an same ni da hawan jini, ƙannena biyu kuma jininsu bai dace da nasa ba. Tun daga lokacin nake son in bar wasiyya cewa idan Allah ya karɓi raina a ɗauki duk abin da zai amfani wani majinyaci a jikina. Da na faɗa wa mahaifiyarmu sai ta fashe da kuka, ta ce ba za ta yarda a daddatsa mata ɗa ba. A majalisarmu kuma wasu sun ce haramun ne, wasu sun ce da zarar likitoci sun san da wasiyyar ba za su tsaya ceton raina ba, wani ma ya ce sayar da sassan za a yi, kuma ranar Alƙiyama zan tashi babu ƙoda. Ina roƙon ka fayyace mini gaskiyar lamarin.

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya jiƙan yayanka da rahama, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba Hajiya da ku baki ɗaya haƙurin rashinsa. Abin da ka bayyana na san shi sarai, domin a ɗakin wankin ƙoda nake yin mafi yawan aikina. A ƙa'ida majinyaci zai kwanta awa huɗu da allura biyu a damtsensa, jininsa yana zagayawa ta cikin na'ura yana komawa, sau uku a kowane mako. Amma abin da idona ya saba gani shi ne mutum ya fara da sau uku, bayan wata biyu ya koma sau biyu, daga nan sau ɗaya, daga ƙarshe kuma ba a kawo shi sai ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi yana sama-sama, ɗan'uwansa yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da leda cike da rasitai, yana lissafin abin da ya rage a gida da za a iya sayarwa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai yi mamakin tunanin da ya zo maka ba.

Niyyarka mai kyau ce, dokar ƙasa ta yarda da ita, kuma manyan majalisun fiƙihu na duniyar Musulmi sun halatta ta bisa sharuɗɗa. Sai dai akwai wata gaskiya game da halin da asibitocinmu suke ciki wadda dole in faɗa maka, zan kuma zo kanta bayan na warware abin da aka faɗa maka a majalisa.

Dashen sassan jiki ba sabon abu ba ne. A shekarar 1954 likita Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a birnin Boston na Amurka, tsakanin wasu tagwaye, a 1967 kuma Christiaan Barnard ya dasa zuciya a Afirka ta Kudu, wadda aka ɗauko daga wata matashiya da ta rasu a haɗarin mota. A nan gida an fara dashen ƙoda a Legas a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma ya fara a 2002. Mai rai zai iya ba da ƙoda ɗaya ko wani yanki na hanta, amma ba zai iya ba da zuciya ba. Mamaci guda kuwa, idan an dace, za a iya ceton rai har takwas da sassansa, ban da mutum biyu da za su iya samun gani da tantanin idanunsa.

Maganar da ta fi tsorata mutane ita ce ta cewa likita zai bar mutum ya mutu domin ya samu ƙodarsa, saboda haka a nan zan fi daɗewa. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, ba kowace mutuwa ce ake iya ɗaukar sassa a cikinta ba. Wanda ya cika a gida, ko a kan hanyar asibiti, ko ma a gadon asibiti ba tare da na'urar numfashi ba, da zarar zuciyarsa ta tsaya jini ya daina zagayawa, ƙodarsa da hantarsa suna fara lalacewa cikin mintuna, kuma ba da jimawa ba sun tashi daga aiki. Ko a ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni, kusan mutum ɗaya ne cikin ɗari yake rasuwa a yanayin da za a iya amfana da sassansa na ciki. Galibi shi ne wanda ya samu mummunan rauni a kai, kamar ɗan acaɓa da ya faɗi babu hular kwano, ko wanda jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa saboda hawan jini, aka garzaya da shi sashen kulawa ta musamman, aka ɗora shi a kan na'urar numfashi, aka yi duk abin da za a iya yi, amma ƙwaƙwalwar ta kumbura har jini ya daina shiga cikinta, ta mutu. Ka ga ke nan sai an yi matuƙar ƙoƙarin ceton mutum sannan sassansa suke zama masu amfani. Likitan da ya yi sakaci da majinyaci ya rasa majinyacin, ya kuma rasa sassan.

Wannan yanayi shi muke kira mutuwar ƙwaƙwalwa, kuma ya sha bamban da doguwar suma. Mai doguwar suma ƙwaƙwalwarsa tana nan da rai, sau da yawa yana numfashi da kansa, wani kuma yakan farfaɗo bayan makonni. Wanda tushen ƙwaƙwalwarsa ya mutu kuwa, wato wurin da ke tafiyar da numfashi da farkawa, ba ya dawowa. Ƙirjinsa yana ɗagawa ne saboda na'ura tana hura masa iska, zuciyarsa kuma tana bugawa ne saboda Allah ya halicce ta da abin da ke motsa ta a cikinta, muddin iska tana isa gare ta za ta ci gaba na ɗan lokaci. Kafin a yanke wannan hukunci sai an tabbatar ba magani ne ya sumar da shi ba, ba kuma sanyin jiki ko rikicewar sinadaran jini ba ne. Daga nan sai a haska masa fitila a ido a ga ko ƙwayar za ta tsuke, a taɓa idon da auduga a ga ko zai ƙifta, a zuba ruwa mai sanyi a kunne a ga ko idanun za su motsa, a zura bututu a maƙogwaro a ga ko zai yi tari, sannan a cire na'urar na wasu mintuna ana ba shi iska, a jira a ga ko zai yi yunƙurin jan numfashi ko sau ɗaya. A inda ake bin ƙa'ida, ƙwararrun likitoci ne waɗanda ba su da wata alaƙa da aikin dashe suke yin wannan gwaji, kuma masu dashen ba sa kusantar majinyacin sai bayan an gama. Na taɓa tsayawa da wani dattijo a gefen gadon ɗansa da ke cikin wannan hali. Ya ɗora hannunsa a goshin yaron, ya ce da ni, "Likita, ai jikinsa da ɗumi." Gaskiya ya faɗa, jikin da ɗumi, kuma ba na ganin laifin duk uban da ya kasa yarda a karon farko. Shi ya sa nake ganin bai dace a fara wannan bayani ga iyali a wannan daren ba, ya kamata a ce sun ji shi tun suna cikin natsuwa.

Game da hukuncin addini, ni likita ne, ba mai fatawa ba, amma zan kawo maka abin da malamai suka tsayar. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci domin dasa wa mai bukata tun a shekarar 1982. A 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa ya halatta a ɗauki gaɓa daga mamaci a dasa wa mai rai wanda rayuwarsa ko wani muhimmin aikin jikinsa ya dogara a kanta, da sharaɗin mamacin ya ba da izini kafin rasuwarsa ko magadansa su ba da bayan rasuwarsa, da kuma sharaɗin kada ciniki ya shiga ciki. Hujjarsu ta ginu a kan ƙa'idar lalura da kuma faɗin Allah a Suratul Ma'ida, aya ta 32, cewa wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Wannan majalisa ta hana dashen 'ya'yan maraina da ƙwan mace, domin suna ɗauke da irin mai su, nasaba za ta cakuɗa, wanda hakan yake nuna maka cewa ba rufe ido suka yi suka halatta komai ba. A 2021 Sarki Salman na Saudiyya da Yarima mai jiran gado sun sa sunayensu a rajistar masu ba da sassan jiki bayan rasuwa.

Amma ba zan ɓoye maka cewa akwai saɓani ba. Manyan malamai irin su Sheikh Ibn Baz da Sheikh Ibn Usaimin da Sheikh Sha'arawi na Masar ba su yarda da shi ba. Sun kafa hujja da hadisin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai, da kuma cewa jiki amana ne, ba mallakar mutum ba ne balle ya yi kyauta da shi. Masu halattawa sun amsa da cewa abin da hadisin ya hana shi ne wulaƙanta gawa, tiyatar da ake yi da izini domin ceton rai kuwa ba wulaƙanci ba ce, kamar yadda buɗe cikin mai rai domin yi masa magani ba ta'addanci ba ne. Hatta a kan mutuwar ƙwaƙwalwa an samu bambanci. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ɗauke ta a matsayin mutuwa ta shari'a idan ƙwararru sun tabbatar babu dawowa, yayin da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya da ke Makka, a 1987 ta ce ya halatta a cire na'urar, amma ba a yanke hukuncin mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Ko wanda ya bi wannan fahimta ta biyu ƙofa ba ta rufe masa ba, domin a ƙasashe irin su Ingila ana ɗaukar ƙoda da hanta bayan zuciya ta tsaya, idan an shirya komai tun da farko. Saboda haka wanda ya ce maka haramun ne kai tsaye, kamar babu wata magana, ya faɗi ɓangare ɗaya ne kawai. Ni dai zuciyata ta natsu da fatawar masu halattawa, wanda kuma ya bi ɗaya ɓangaren ba na zarginsa.

Batun tashi ranar Alƙiyama babu ƙoda ba ya bukatar dogon bayani. Duk wanda aka sa a kabari ƙasa ce take cinye ƙodarsa da hantarsa cikin ɗan lokaci, kuma Allah ya ce a Suratul Ƙiyama shi mai iko ne ya daidaita hatta kan yatsun mutum. Sayyidina Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya rasa hannuwansa biyu a yaƙin Mu'uta, aka ba da labarin cewa an musanya masa su da fukafukai a Aljanna.

Kukan Hajiya kuwa ya cancanci amsa ta daban, domin abin da ta hango a ranta shi ne mahauci da wuƙa. A gaskiya aikin a ɗakin tiyata ake yin sa, likitoci da malaman jinya sun wanke hannu sun sa kayan aiki kamar yadda suke yi wa mai rai, a buɗe wuri ɗaya, a ɗauki abin da aka ba da izini kaɗai, a ɗinke, a goge jikin, a rufe shi. Mai wankan gawa ba zai ga komai ba sai layin ɗinki irin na wanda aka yi wa tiyata. Za a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a ɗora shi a makara, a yi masa salla, a kai shi makwancinsa kamar kowa. Abin da ba zan musa ba shi ne jinkiri. Mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, wanda ya rasu da asuba sau da yawa kafin azahar an dawo daga maƙabarta, wannan aiki kuwa yakan ƙara wasu awoyi. Su ma likitocin sauri suke yi, domin zuciya da huhu ba sa wuce awa huɗu zuwa shida a wajen jiki, hanta kamar awa goma sha biyu, ƙoda ce kaɗai take iya kai kwana ɗaya ko fiye da haka kaɗan a cikin sanyi.

Maganar ciniki ma ba daga sama ta faɗo ba. Mutanenmu sun sha jin labarin matsafa masu tone kabari suna cire sassan gawa, sun kuma ji shari'ar da aka yi a Landan a 2023, inda aka yanke wa tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Ike Ekweremadu ɗaurin shekara tara da wata takwas saboda kai wani matashi Ingila da nufin a cire masa ƙoda. Amma ka lura da abu biyu. Abin da matsafi ya cire daga kabari ba zai taɓa dasuwa a jikin kowa ba, ruɓaɓɓen nama ne, saboda haka wannan ta'asa ba ta da alaƙa da aikin asibiti. Fataucin ƙoda kuma a kan talaka mai rai yake faɗawa, kuma abin da ke rura wutarsa shi ne ƙarancin ƙodar da ake samu ta halastacciyar hanya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta saye da sayar da sassan jikin ɗan'adam, ta kuma ba duk wanda ya cancanci yin wasiyya damar ba da jikinsa ko wani sashensa bayan rasuwa, ko dai a cikin wasiyyarsa ko a takardar da ya sa wa hannu a gaban shaidu biyu. Ba na cewa doka a takarda ta wadatar. Sai an samu jerin masu jira wanda kowa zai iya bincika, wanda ake bi bisa dacewar jini da tsananin bukata, ba bisa kuɗi ko sanayya ba, sannan mutane za su saki jiki, kuma suna da haƙƙin su nemi hakan.

Hawan jinin da ya hana ka ba yayanka ƙoda ba lalle ne ya hana ka bayarwa bayan rasuwa ba. An hana ka ne a lokacin domin a kare ka, kada a bar ka da ƙoda ɗaya alhali hawan jini yana iya cinye ta. Bayan rasuwa wannan dalili ya kau, likitoci za su duba lafiyar kowace gaɓa a lokacin su yanke hukunci. Tsufa ma ba ya hanawa kai tsaye. Abin da ya fi hanawa shi ne ciwon daji da ya bazu da wasu cututtuka masu yaɗuwa. Kuma ƙoda ko hanta ba ta ɗauke da hali ko imani ko zunubin mai ita zuwa ga wanda aka dasa wa.

Yanzu ga gaskiyar da na ce zan faɗa maka. Kusan duk dashen ƙodar da ake yi a Najeriya daga mai rai ake karɓa, ɗan'uwa ko mata ko ɗa. Ɗaukar sassa daga mamaci yana bukatar wadatattun gadaje masu na'urar numfashi, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da ɗakin gwaji da zai haɗa jinin mai bayarwa da mai karɓa cikin dare, da motar da za ta ɗauki ƙoda daga Katsina ta isar da ita Kano a kan lokaci, da ma'aikaci na musamman da ya iya zama da iyali a lokacin baƙin ciki. Ƙasar Sifaniya, wadda ta daɗe tana kan gaba a duniya a wannan fanni, ta kai inda ta kai ne bayan ta kafa hukuma ta musamman a 1989 ta kuma sa irin waɗannan ma'aikata a asibitocinta. Mu ba mu kai nan ba tukuna. Idan da yau Allah zai karɓi ranka a Daura, mafi rinjayen zato shi ne ba za a iya amfani da ƙodarka ba, ko da takardar tana aljihunka. Wannan yana yi mini ciwo, amma gara ka ji daga bakina.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa a wurinmu shi ne tantanin ido, wato fatar nan mai haske kamar gilashi da ke saman baƙin ido. Ka san masu hakiya da yawa a ƙauyukanmu: yaron da ƙyanda ta bar masa farin tabo a ido, manomin da karan gero ya tsokane masa ido lokacin girbi, aka ɗiga masa wani haɗi na gida, idon ya yi fari fat. Da yawa daga cikinsu cikin idon lafiya lau yake, tagar ce kawai ta dushe, kuma da za a samu sabon tantani za su iya gani. Tun 1905 ake yin wannan dashe. Ba ya bukatar mamacin ya rasu a kan na'ura, ana iya ɗaukarsa cikin awoyin farko bayan rasuwa, aikin ba ya cin lokaci mai tsawo, fuska ba ta canzawa, kuma ana iya ajiye shi a cikin ruwa na musamman har kusan mako biyu. Kusan daga mamaci kaɗai ake samunsa, shi ya sa likitocin idonmu suke fama da ƙarancinsa. Idan ka samu zuwa Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko wani babban asibitin ido, ka tambayi likitocin yadda za a iya tsara wannan daga inda kake.

Duk da haka ina ba ka shawara ka rubuta wasiyyar. Kai matashi ne, kuma abin da babu shi yau yana iya samuwa nan da shekara goma ko ashirin, sannan hukumomi ba za su kashe kuɗi a kan tsarin da suke zaton jama'a za su ƙi ba, sai sun ga masu so. Ka rubuta ta da Hausa bayyananniya, ka ambaci abin da ka yarda a ɗauka da abin da ba ka yarda ba, ka rubuta cewa sadaka ce ba ciniki ba, ka sa hannu a gaban shaidu biyu adilai, ka ba matarka kwafi ɗaya, ka ba ɗaya daga cikin ƙannenka ɗaya. Wannan na ƙarshe ya fi takardar kanta muhimmanci, domin a aikace babu likitan da zai taɓa gawa alhali uwa ko mata ko 'yan'uwa suna cewa a'a.

Hajiya kuwa kada ka sake tayar mata da maganar yanzu. Bara ta binne ɗa, kuma duk lokacin da ka ce "bayan na mutu" abin da take ji shi ne za ta binne na biyu. Ka bari zuciyarta ta ɗan huce, sannan ka nemi malamin da take girmamawa, ko kawunka da take jin maganarsa, ka fara zama da shi kai kaɗai ka nuna masa fatawoyin da na ambata, idan ya gamsu ku je tare. Kada ku fara da batun tiyata. Ku fara da yayanka, ku tambaye ta, da a ce a cikin watannin nan goma sha ɗaya wata uwa a Funtuwa ko Malumfashi ta yarda an ba shi ƙodar ɗanta da ya riga ya rasu, wace addu'a za ta riƙa yi wa wannan uwa. Idan bayan haka ta ce har yanzu ba ta yarda ba, ka karɓi maganarta da ladabi, ka ajiye takardarka a wurin ƙaninka, ka ci gaba da shan maganin hawan jininka a kan lokaci, kuma ka je a auna maka aikin ƙoda da fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, kai da ƙannenka biyu, tunda ciwon ya riga ya taɓa gidanku.